Tuwon Iri

Shekaranjiya jikana ya dawo daga kasuwar Wara da wata 'yar leda a aljihu, ya zazzage mini ita a tafin hannu. Dawa ce, amma an shafe ta da jan magani sai ka ce lalle aka yi mata. Wai iri ne, wai fari ba ya kama ta, wata uku ta nuna. Na ce da shi, "Kai, iri a aljihu kamar goro?" Ya yi dariya ya ce, "Ke dai tsohuwa, zamaninku ya wuce." Gaskiyarsa, ja'irin, ya wuce. Madafar gidan nan yanzu kwano ne a samanta, in ka ɗaga kai ba abin da za ka gani sai tsatsa. Ba jinka, ba kunkunniya, ba zangarniyar da aka rataye hayaƙi yana tsaron ta daga ƙwari. Yaran yanzu ba su san ana ajiye iri ba, sun ɗauka sayen shi ake yi. Ni kuwa tun da na ga jar tsabar nan abinci ya fita raina, har yau ban dawo daidai ba.

Ni ba ɗiyar gona ba ce. A Yelwa aka haife ni, ubana maɗinki ne a bakin kasuwa, dawa a mudu na san ta, an sussuke an sheƙe, saura surfe. Aure ne ya kawo ni wannan ƙauyen na bakin tafki, can gefen Ngaski, lokacin da takardun hukuma duk daga Sakkwato suke zuwa, tun ba a yanke mana Kebbi ba. Abin da na fara tararwa shi ne sauti. Da sassafe turame ke tashe ni, gida goma, gida ashirin, kowace mace da irin lugudenta, har kana gane wadda ta kwana da fushi. Can ƙasa masunta suna bugun gefen jirgi, shanun Fulani suna wucewa ta bayan danga zuwa mashaya. Yau in ka tashi, ƙarar injin niƙa ce da babura, sai wayoyin hannu da ke kuka a aljihun kowa. Gidan da na shiga gandu ne: surukina da muke kira Baba, matarsa Inna, sai maigidana, ɗansu ɗaya da ya rage a gabansu. Inna mace ce mai faɗa da saurin hucewa, ta koya mini ɗaukar tulu daga tafki ba tare da na jiƙa zane ba, ta kuma yi ta yi mini tsiya wai hannun 'yan birni bai san taɓarya ba.

Baba kuwa tsakanina da shi sai kunya. Ba irin kunyar yanzu ba, da za ka ga matar ɗa ta zauna kujera ɗaya da surukinta suna kallon talabijin, har tana ce masa ya matsa. A'a. Ban taɓa kallon fuskarsa ba, ban taɓa kama sunansa ba, yanzu ma da yake ƙasa ba zan kama ba. In na hango shi a hanyar tafki sai in ratse cikin ciyawa in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son abu sai ya tsaya bayan zana ya yi gyaran murya, ya faɗa wa iska: "A kawo ruwa." Ni kuma in aje a bakin zaure in juya. Haka tarbiyya take a lokacin, kuma ba na zagin ta, don ta rufa asirin gidaje da yawa. Amma ni ta yi mini abin da ta yi.

Mutanen ƙauyen ba nan aka haife su ba. Tsohon garinsu yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi, aka kwaso su aka zuba a kan tudun nan mai tsakuwa. A can fadama suka bari, inda doguwar dawar nan kaura ke tashi ta fi mahayin doki. A nan kuwa in ruwa ya yi kwana goma bai sauka ba sai ganyenta ya naɗe, ta tsaya tana kallon ka. Kowa ya ci gaba da shuka ta don ita ya gada, sai Baba. Maigidana ne ya ba ni labarin daga baya, da dariya, don shi ma bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Wani Bafillace da ya sauko da shanu daga arewa ya ba Baba tafin hannu na wata gajerar dawa mai saurin nuna, mummuna, ba auki. Baba ya ware ɗan fili a kan fako, nesa da gonakin mutane, ya shuka ta kunya ɗaya, kaura kunya ɗaya, wai dawa ma aure take yi, iska ce waliyyinta. In rana ta ƙwalle kowa ya gudu inuwa, shi lokacin yake shiga filin nan yana duba wane kara ne ganyensa bai naɗe ba, ya ɗaura masa kaba. Da kaka waɗannan kaɗai yake yankewa don iri, sauran a yi kunu da su a shanye. Shekara ta fi goma yana haka, yana zaɓe yana zubarwa. Ya sa mata suna kurma, wai don ba ta jin rana. 'Yan gari kuwa suka ce tsufa ne ya zo masa ta gona.

Duk wannan ban sani ba a watannin farko. Abin da na sani, akwai wasu zangarnu a rataye can ƙuryar jinkar madafa, an ɗaure su da kaba, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin, ƙanana, ba kyan gani. Wata rana ina share yana da doguwar tsintsiya na kusa taɓa su, Inna ta daka mini tsawa: "Ke! Bar nan, waccan ta Malam ce." Haka take kiran Baba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuma ɗiyar Yelwa, a gidanmu in an ce abu na maigida ne, to ajiyarsa ce da shi da baƙinsa, kamar zumar da ubana ke ɓoyewa. Na ɗauka wata dawa ce mai daɗi da tsoho ya ware wa bakinsa. Ban sake tambaya ba, don amarya mai yawan tambaya ba a yabon ta.

Ranar da abin ya faru rani ya yi nisa. Inna ta hau jirgi ta tafi Shanga ta'aziyyar ƙanenta, za ta kwana bakwai. Maigidana ya bi masunta tun safe. Hatsin da Baba ya fitar daga rumbu na ranar na riga na daka na yi fura, don a gidan nan mace ba ta hawa rumbu, maigida ke fitarwa kullum. Bayan azahar sai ga sallama, dattawa uku, abokan Baba tun na tsohon gari, waɗanda aka zaunar can wani ƙauye. Suka daɗe suna gaisawa. Can na ji gyaran murya bayan zana: "A yi wa baƙi tuwo." Shi ke nan, ya koma. Ina jin ya manta cewa Inna ba ta nan, ko ya ɗauka akwai sauran gari. Na duba ƙwarya, wayam. Na leƙa waje ko zan ga wanda zan aika, ba kowa, rana ta kore mutane. In je in ce wa surukina, a gaban baƙi, ya tashi ya hau rumbu? Gara ƙasa ta tsage in shige. In je maƙwabta roƙon gari kuwa, gobe gari ya ɗauka cewa gidan Baba ba hatsi. Ina tsaye ina juya wannan a raina sai na ɗaga kai. Na ce to, ga ta Malam, ga baƙin Malam, me ya rage? Har daɗi na ji, wallahi, na ga kaina mai dabara.

Na taka turmi na sauko da su duka. Na sussuke, na sheƙe, tsaba ta cika ƙwarya biyu, 'yar ja-ja, mai tauri. Na ɗebi ɗaya da rabi, sai da na yi gumi kafin ta surfu, na niƙa, na rufe rabin ƙwarya da faifai na tura bayan randa. Na kaɗa miyar kuka da busasshen kifi. Talge yana kan wuta na ɗauki ruwan wanke hannu na nufi zaure, ina sanɗa kamar yadda aka koya mini. A bakin zana na ji ɗaya daga cikin baƙin yana cewa, "Malam, mu dai abin da ya kawo mu ke nan. Mun yi maka dariya da, amma shekarun ga ruwa yana ɗaukewa da wuri. Ka sam muna kurmar nan ko cikin tafi ne." Baba ya yi 'yar dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, "Bana kam ta nuna halinta, na samu wadda za ta ishi gona guda. Tana can rataye a madafa, hayaƙi na jiran ta. In bazara ta kama ku aiko."

Ban san yadda na aje ƙwaryar ruwan ba. Na koma madafa na tarar talge yana tafasa abinsa. Innalillahi! Mai niƙaƙƙen gari ya taɓa mayar da shi tsaba? Na tsaya da muciya a hannu ina kuka ina tuƙi, don baƙi suna jira, kuma ba wani abincin. Na kwashe a akushi, na kai bakin zaure, na miƙa wa mutanen nan abin da suka yi tafiyar yini suna roƙo. Na laɓe ina saurare. Na ji an yi bisimilla, na ji baƙi suna yaba hannun amarya, ɗaya har yana cewa tuwon yana da wani ƙamshin hayaƙi mai daɗi. Da aka dawo da akushi an cinye tas.

A nan ne na yi babban laifin, don na farko kuskure ne. Tsoro ya kama ni. Na san abin da ake ce wa macen da ta ci iri: mai farar ƙafa, wadda ta shigo gida da tsiya. Sunan nan in ya kama mace, ko ta mutu 'ya'yanta za su gada. Maigidana kuma mutum ne mai zafin zuciya a lokacin. Sai shaiɗan ya ce mini in ɓatar da sawu. Na tura soshiyar da ta rage bayan sussuka cikin murhu ta ƙone. Na jawo rabin ƙwaryar nan daga bayan randa, na kalle ta, na ga launinta daban ne, duk wanda ya gan ta zai gane. Na fita bayan ɗaki na kira kaji na watsa musu. Ina tsaye suka tsince ta, ba su bar ko ƙwaya ba. Daga ranar, duk safiya in Baba ya fitar da hatsi sai in zaɓi ƙananan zangarnun kaura in ɓoye, har suka kai yawan waɗancan. Na ɗaure su da kabar da na kwance, na rataye a gurbinsu, na yi ta hura ɗanyen icce idona yana zubar ruwa. Kafin Inna ta dawo sun yi baƙi. Ta shigo ta ɗaga kai, ta sauke, ta tambaye ni ina aka kai tsintsiyarta.

Bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Baba ya sa ɗansa ya sauko da irin. Ina leƙe ta hudar zana ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hure, ya daɗe yana kallo. Na ce yau kashina ya bushe. Sai ya ce, "To, bisimilla, a sussuke." Har kwana uku bayan ruwan shuka ya sauka bai ɗauki sungumi ba, kowa ya shuka shi yana zaune a zaure, Inna tana ta mita wai danshi zai wuce. Ran na huɗu ya fita ya shuka. Abokansa suka aiko karɓar alkawari, ya ce a gaya musu bana ba zai iya bayarwa ba. Suka ji haushi ƙwarai, aka dawo mana da maganar cewa rowa ta kama shi da tsufa. Ni kuwa sakarya, hamdala na yi, na ɗauka idonsa ne ya yi rauni.

Damina ta fara da kyau, aka yi noman farko, aka yi maimai. Dawa ta yi ciki, saura ta fitar da kai, sai sama ta rufe bakinta. Kwana goma, kwana ashirin. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, mu mata muka dafa gumba da wasa-wasa muka raba sadaka. Hadari ya taso ya yi baƙi, iska ta kwashe shi ta kai tsakiyar tafki ta zubar, muna tsaye muna kallo. Ganye ya naɗe, ya yi fari, in iska ta kaɗa sai ka ji gona tana ƙara kamar ana taka busasshiyar tabarma. Mutane suka riƙa ratsewa ta gonar Baba don su ga abin da aka yi shekaru ana ba su labari, suka tarar ta ƙone daidai da ta kowa. Wani mai baƙin baki ya ce a bakin masallaci, "Ashe kurma ta warke, bana ta ji rana." Maganar ta zaga gari, har mata a bakin tafki suna maimaita ta suna shewa, ina cikinsu da tulu a ka. Baba kuwa ya rage fita.

Yunwar shekarar ba na son tuna ta. Tafki ya ja baya har kan kukokin tsohon gari suka bayyana, tsofaffi suna zuwa su tsaya suna nuna inda gidajensu suke. Muka ci dusa, muka ci tafasa da ɗan ƙuli, kifi ya zama shi ne tuwo shi ne miya. Aka sayar da bijimin noma. Maigidana ya tafi cin rani kudu. Turame suka yi shiru, safiya ta zama ba ta da murya. Ko kurma za ta tsaya a farin nan, Allah kaɗai ya sani, amma ni kowace loma na kai baki sai na ji kamar haƙƙin gidan nan nake ci. Baba ya rame, riga ta yi masa yawa, tari ya kama shi.

Cikin ranin nan wata mota ta tsaya a ƙofar gida, malaman gona ne daga Sakkwato, tare da wani mai tabarau da ke ɗauke da ƙananan ambulan. Ina bayan zana ina tankaɗe na ji bayaninsa. Ya ce suna bin ƙauyuka suna karɓar tsofaffin iri masu jure fari, su kai inda suke aiki su aurar da su da juna, su zaɓi 'ya'yan da suka fi haƙuri, shekara da shekaru, har a samu dawar da za ta ceci talaka. Ya ce a ƙauyuka uku an ambaci sunan Baba. Da Baba ya gaya masa yadda yake ɗaura kaba da tsakar rana, mutumin ya ce, "Baba, ai aikinmu ke nan, kai ka riga mu. Ko ƙwaya goma ce ka ba ni." Baba ya ce, "Babu, ɗana. Ta ƙare." Mutumin ya ce to a ba shi daga wadda ta ƙone a gona, ko ɗan abin da aka tsinta. Baba ya ce, "Waccan ba ita ba ce."

Rariya ta faɗi daga hannuna. Ashe ya sani.

Da motar ta tashi, Inna tana bakin tafki, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na yafa mayafi na je bakin zaure na durƙusa, zana tana tsakaninmu, na yi sallama da muryata. Ya amsa. Na ce, "Baba, ni ce. Ni na sauko da ita, ni na tuƙa wa baƙi. Ban san iri ba ne." Kuka ya ci ƙarfina.

Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Na sani, ɗiyata. Tun lomar farko. Wanda ya yi shekara goma sha yana tauna ta a gona bai ɓata ɗanɗanonta."

Na ce, "Don me ba ka yi magana ba, Baba?"

Ya ce, "In na tambaya gida ya ji, in gida ya ji gari ya ba ki suna. Ke kuwa ni kika fidda kunyar baƙi." Ya yi tari, ya numfasa. Sai muryarsa ta canza, ta yi sauri kamar ta mai jin ƙishirwa ya hango rijiya. "Amma na auna a raina. Tuwon mutum huɗu bai cinye kurma duka, dole a yi saura. Shi na tsaya jira da shuka, na ce ko kin ji tsoro ne, za ki aje a bakin zaure ki juya. Yanzu tun da kin zo, ba komi, motar ba ta yi nisa ba. Ina sauran?"

Shekara guda tsohon nan yana ɗauke da wannan tambayar. Ya sake cewa a hankali, "Ko tafi guda ne, ya isa a sake farawa."

Na ce, "Na ba kaji, Baba."

Na ji numfashinsa, na ji ya jingina da bango. Can ya ce, "To. Allah shi ba mu haƙuri. Tashi ki shiga ciki, kada Innarku ta tarar da ke nan."

Maganarmu ta farko ke nan, ita ce kuma ta ƙarshe. Bai ga wata damina ba. Ya rasu gari yana ce masa tsohon da ya ɓata shekarunsa a kan dawar banza, ni kuma ana ce mini amarya mai albarka, kuma bai gyara wa kowa ba.